Gonar Kanar

Na manta abubuwa da yawa a duniya, wasunsu ma da gangan. Na manta sunayen yawancin yaran da na koyar, na manta manyan biranen ƙasashen da na sha bugun tebur a kansu. Amma akwai wani hantsi a bakin kogin Komadugu da ya ƙi bin sauran, na kuma san yana nan tare da ni har ranar da za a sa ni a ƙasa. Ko na yi niyyar mantawa ba za a bar ni ba, domin akwai wani yankin gona da aka raɗa wa suna saboda abin da na yi a ranar, gona kuwa ba ta tashi daga inda take.

A lokacin ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji cikin garin Diffa. An kuma ɗora mini darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, saboda sauran malamai ba sa son sa. Ni kuwa ina so. Babin da na fi ƙauna a ciki shi ne na tsarin rundunar soja. Nakan tsaya gaban allo in zana shi kamar tsani: shugaban ƙasa can bisa, shi ne babban kwamanda, ministan tsaro a ƙarƙashinsa, sai babban hafsan hafsoshi a Yamai, sai kwamandojin shiyyoyi, waɗanda ɗayansu yana nan Diffa, daga nan bataliya, daga nan kamfani, har a sauko kan ɗan rukunin da laftana yake ja. Galo kuwa, wato ƴan layukan kafaɗa da ke nuna muƙami, na haddace su tsaf. Da na hango soja daga nesa sai in gaya wa na kusa da ni muƙaminsa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Yawanci dai bai tambaya ba. Nakan rufe darasin da ƙa'ida guda: na sama ya faɗa, na ƙasa ya yi. Yara su rubuta, ni kuma in ja mata layi da jan alli, in karkaɗe hannu kamar wanda ya gama gina rundunar da kansa.

Mu asalinmu mutanen Damagaram ne, kasuwanci ya kawo mahaifinmu Diffa ya buɗe shagon yadi. Yayata, wadda nake bi, ta auri wani Babarbare manomin tattasai a wani ƙauye na bakin kogi, gabas da gari. Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da yara da gona da wani tsohon injin ban ruwa mai tari kamar dattijo. An yi an yi ta dawo gari, ta ƙi. Ta iya Barbarci har ta fi iya faɗa da shi, ta iya tattasai fiye da mazan ƙauyen da yawa. Wanda bai zauna a kwarin nan ba ba zai gane ba, amma a can tattasai ba kayan miya ba ne, shi ne shekarar mutum gaba ɗaya. Geron da za a ci, suturar sallah, maganin yara, man injin baɗi, duk suna rataye a jikin ɗan farin furen nan da ke fitowa bayan an dasa. Furen kuwa ba ya haƙuri da ƙishi. In ruwa ya yanke masa, sai ya zube, in ya zube shekara ta zube.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka sa ido kan mai da takin zamani, don masu bindigan da ke daji su ma suna neman su. Da aka ɗan sassauta aka bar mutane su koma noma, sojoji suka kafa sansani a bakin ƙauyen. Yayata ta dasa tattasanta kamar kowa, ya kama, ya yi kore shar. Yana fara fure aka yi wata arangama a ƙetaren kogi, sai aka ja iyaka. Gonakin da ke wannan gefen wata kwanar kogi, a je da safe a dawo kafin la'asar. Waɗanda ke bayan kwanar, inda goruba ta yi duhu har ba a hango mutum daga sansani, ba mai taka su. Kwanar nan kuwa ta raba gonar yayata gida biyu, kuma rabin da ya fi kyau shi ne ya faɗa waje.

Shugaban sansanin wani laftana ne siriri, ɗan yammacin ƙasa, Hausarsa da nauyin Zabarmanci, shekarunsa ba su wuce na ɗaliban da na yaye tuntuni ba. Yayata ba ta nemi kowa ya raka ta ba. Ta je ta zauna gaban buhunan yashin da suka jera a ƙofa, ta ce ba ta tashi sai ta ga babbansu. Da ya fito ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, “Mama, iyakar nan ba ni na ja ta ba, ba ni kuma zan goge ta ba. Na riga na kai maganar ga kyaftin ɗina, shi zai kai gaba, na gaba ya kai gaba. Amma abin da ke hannuna zan yi miki.” Abin da ke hannunsa shi ne: ranakun da yaransa ke sintiri ta wannan gefen, ita da babban ɗanta su bi bayansu, su tayar da inji su ba da ruwa, in sojoji sun juyo su ma su juyo. Sharaɗi guda ya kafa mata, kada maganar ta wuce ƙofar ɗakinta. Ruwan ba ya isar tattasai ya yi yadda ake so, amma yana hana shi mutuwa, kuma abin da ake bukata ke nan kafin amsa ta sauko.

Ta riƙe sharaɗin. Ni kaɗai ta gaya wa, ranar da na je gaishe ta, don a wurinta ni ba kowa ba ne, ƙaninta ne da ta goya. Ta faɗa mini ranakun, da lokacin, da hanyar da suke bi, tana murna. Ni kuwa sai na ji an raina mana hankali.

Na ce, “Yaya, laftana fa? Kin san laftana a mataki na nawa yake? Galo biyu ne kacal a kafaɗarsa.”

Ta ce, “Ni ban ƙirga masa kafaɗa ba, Mushe. Ruwa na ga yana shiga fangali.”

Mushe take ce mini tun da na fara koyarwa, kamar yadda yaran makaranta suke ce wa malaminsu, sai dai a bakinta ban taɓa tantance girmamawa ce ko zolaya ba.

Ba a jima ba labari ya zo cewa ayarin sojoji zai je ƙauyen don duba marasa lafiya kyauta, kuma wani kanar ne daga Yamai zai jagorance su. Da na ji sunansa sai da na miƙe tsaye. Abokina ne na makarantar sakandare a Damagaram, benci ɗaya muka zauna. Ni ke gyara masa Faransanci, shi ke yi mini lissafi, shi ne kuma ya laƙaba mini suna Ƙamus. Na san ya shiga soja. Na kuma san karatun likita ya yi kafin ya shiga, wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai yau: na sani. Amma a cikin kaina kanar kanar ne. Tsanina na allo ya ce galo biyar yana bisa galo biyu, na sama ya faɗa, na ƙasa ya yi. Mu farar hula kuma ai haka muka saba. In kana da matsala ba ka bin ƙaramar ƙofa, sai ka zauna ka yi tunanin wa ka sani a sama. Da haka ake canjin wurin aiki a ma'aikatarmu, da haka ake fito da takarda daga ofishin da ta kwana. Na ɗauka soja ma haka ne, sai dai nasu ya fi sauri tunda su ba sa musu.

Na gaya wa yayata niyyata. Ta dube ni ta ce, “Ka bar yaron nan da aikinsa. Abin da ke tafiya ba a taɓa shi.” Na ce mata ta bar wannan ga waɗanda suka yi karatu. Haka na faɗa, da bakin nan nawa, ga matar da ta sha wanke mini wando.

Ranar na sa babbar riga mai aiki, na kafa hula, na hau motar kasuwa tun da sassafe. An kafa rumfuna a filin makarantar ƙauyen. Mata da goyo sun yi dogon layi, tsofaffi sun zazzauna a inuwa, akwai ƴan gudun hijira daga ƙetare, akwai baƙin da suka zo daga rugage da ƙauyukan da ban ma san sunansu ba. Maigari yana kan kujera, kusa da shi wani kyaftin da ya rako ayarin daga gari. Laftanan yana can gefe da rediyonsa a hannu, idonsa ba ya kan taro, yana kan daji. Na lura da wannan, na kuma fassara shi da rashin tarbiyya.

Kanar yana hango ni ya ajiye abin awon da ke wuyansa. “Ƙamus! Kana nan da ranka? Har yanzu kana gyara wa mutane magana?” Ya rungume ni a gaban kowa. Na ji idanun ƙauyen duka a kaina, na ji rigata ta ƙara faɗi. Ya ce in jira ya rage layi mu sha shayi mu biyu a bayan mota. Ga ƙofa nan Allah ya buɗe mini. Da na jira shayin nan, da a cikin dariya zai gaya mini abin da ban sani ba, da ba wanda ya ji. Amma ni ba shayi ya kawo ni ba. So nake a warware maganar a gaban jama'a, ƙauye ya ga ƙanin matar nan ba ƙaramin mutum ba ne.

Da maigari ya gama jawabin godiya sai na miƙa hannu na karɓi lasifika. Na fara da Faransanci, irin mai kyan nan da nake ajiyewa don ranar zuwan mai duba makarantu. Na yabi rundunar ƙasa tun daga sama har ƙasa, mataki mataki, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na shigo kan maganata. Na ce ga wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ga marayu, ga gona tana mutuwa, ga wani ƙaramin hafsa da bai goge ba ya mayar da ita mai bin bayan sintiri kamar mai roƙo. Don a ga girman zaluncin sai na kawo hujja, yadda nake koya wa yara cewa magana ba hujja banza ce. Na ce Litinin da Alhamis kaɗai ake barin ta, bayan sallar asuba, ta hanyar cikin goruba, kuma rana na take tsaka sojoji sun juyo. Na juya na ce, “Mon kolonel, kalma ɗaya daga bakinka ta isa.”

To, malamin makaranta ba ya faɗin abu sau ɗaya. Akwai na bayan aji. Na maimaita jawabin kaf da Hausa, sannan na kira wani dattijo da ke yi wa likitoci tafinta na ce ya juya wa jama'a da Barbarci. Ya fara. Da ya iso kan ranakun sai ya tsaya, ya dubi maigari. Maigari ya dubi ƙasa. Ni kuwa na ce, “Ci gaba mana, Baba, kada ka rage komai.” Ya ƙarasa da ƙaramar murya, amma lasifika ba ta san ƙaramar murya ba.

Ina jiran tafi. Abin da na ji shi ne kukan wani jariri can cikin layi. Kyaftin ya juya a hankali ya dubi laftana. Fuskar laftana ba ta canza ba, ya dai ɗaga rediyonsa ya yi wata gajeriyar magana. Kanar ya tako ya zare lasifikar daga hannuna kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ya kashe ta, ya kama gwiwar hannuna ya ja ni bayan motar asibiti.

Ya ce, “Ƙamus, dubi kafaɗata.”

Na ce, “Galo biyar.”

“Na san ka iya ƙirga. Dubi abin da ke ƙarƙashinsu.”

Na duba. Wani jan ƙyalle ne mai laushi, da ɗan maciji ya naɗe sanda.

Ya ce, “Ni likita ne. Ikona yana kan allura da gadon asibiti da ma'aikatan jinya. In zazzaɓi ya kama laftanan can zan kwantar da shi, in janar ne ma zan kwantar. Amma wannan ƙasa da muke tsaye a kai tasa ce. Shi ya nuna wa direbana inda zai ajiye mota, shi ya ce in bar nan kafin azahar, kuma zan bari. Yana sara mini saboda galona, ni kuma ina bin maganarsa saboda wurinsa ne. Umarnin fagen daga yana da hanyarsa, ba ya ratsowa ta asibiti. Kai, ko da ni ne kwamandan shiyya ba zan tsallake na bataliya da kyaftin in ba shi oda a tsakiyar taro ba. Gobe wa zai saurare su?”

Na buɗe baki zan ce wani abu game da tsani. Ya ɗaga hannu.

“Wannan duk kunya ce, kunya kuma tana wucewa. Ka san abin da ka karanta wa mutane yanzu? A cikin taron nan akwai wanda ka sani, akwai wanda ba ka sani ba. Ka ba su ranar da yaran nan ke fita, ka ba su lokaci, ka ba su hanya. Har da fassara, Ƙamus. Harshe uku.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Babbar rigar nan ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Na tuna dattijon da ya tsaya a tsakiyar magana, na tuna ni na ce masa ya ci gaba.

Muna nan tsaye laftana ya iso. Ya ƙame ya sara wa Kanar, ya ce za a gajarta aikin yau, motoci su tashi da wuri ta wata hanya daban. Kanar ya ce to. To kawai, galo biyar ya ce wa galo biyu. Sannan laftanan ya juyo gare ni. Na shirya wa zagi, na ma so a zage ni.

Ya ce, “Mushe, daga yau ba mai bin sintiri, sintirin ma ya canza. Abin da na yi wa Mama, jiya a hannuna yake. Yau ya bar hannuna. Dole in kai rahoto, sai kuma abin da aka ce daga sama.”

Na ce, “Wallahi da kyakkyawar niyya na yi.”

Ya ce, “Na sani, Mushe.” Ya tafi.

Mata da yawa sun koma gida da yaransu ba a duba su ba a ranar. Yayata tana cikin taron, ta ji jawabin sau biyu, da Hausa da Barbarci, ta kuma tafi tun kafin a watse. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo fura. Sai da na kai ludayi baki ta ce, “An tashi daga makarantar?” Na ajiye ludayin.

Kwanakin da suka biyo baya na yi abin da irina suke yi in sun yi ɓarna, wato na nemi in ƙara. Na je babban barikin gari na ce ina son ganin kwamandan shiyya. Mai gadi ya tura ni wurin wani hafsa da ke kula da hulɗa da farar hula. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya ce ai labarina ya riga ni isowa. Ya ce buƙatar manoman bayan kwana tana hanya, daga ƙasa take hawowa, kowane mataki sai ya duba ko yana da mutanen da zai tsare wurin kafin ya miƙa gaba, kuma ba a cusa ta daga gefe. Na koma gida. A karo na farko na ga tsanin da nake zanawa a allo yana aiki, ni kuma ina tsaye a gindinsa ba abin da zan iya sai kallo. Daga baya na ji an tuhumi laftanan, an kuma tsare shi a sansani na ɗan lokaci saboda ya bari farar hula ta san tafiyar sintiri. Bai taɓa ambata mini ba.

Ranakun hutu nakan je ƙauyen in taya su aiki a rabin da aka yarda a shiga. Na ja igiyar inji har tafin hannuna ya yi bororo, na ɗauki tiyo a kafaɗa, na koyi buɗe fangali da rufe shi da taɓo. Ba wanda ya roƙe ni, ba kuma wanda ya hana ni. Mazan ƙauyen sukan gaishe ni da fara'a. “Sannu, Mushe. Yau wace hanya sojoji za su bi? Ko sai an kawo lasifika?” In yi yaƙe in sunkuyar da kai. Kowace safiya kafin a tayar da inji yayata takan hau gaɓar kogi, ta kare ido da tafin hannu, ta dubi wajen kwana. Daga can ana ɗan hango bakin ɗaya rabin ta tsakanin goruba. Da farko kore ne. Sai ya koma ruwan ɗorawa. Daga baya ta daina hawa gaɓar.

Amsa ta zo, kuma ta hanyar da laftana ya faɗa mata tun ranar farko ta zo. Ta hau daga gare shi zuwa kyaftin, zuwa bataliya, zuwa shiyya, ta sauko ta bi sawunta. An matsar da iyaka zuwa bayan kwana, an sa masu gadi a kan gaɓa. Ba don yayata kaɗai ba, don duk masu gonaki a wurin, ashe su duka ya roƙar wa. Wato amsar tana tafe ko da ni ko ba ni. Ɗan ruwan bayan sintirin nan shi ne zai riƙe tattasan da rai har ta iso, ni kuma shi na yanke.

Ina nan ranar da aka buɗe hanyar. Muka shiga bayan sojoji, ita a gaba. Tattasan yana tsaye a layinsa kamar yadda ta dasa shi, amma ya bushe ƙayau, iska na kaɗa shi yana ƙaras-ƙaras. Layukan bakin ruwa kaɗai suka tsira saboda laimar kogi. Ta ratsa gonar har ƙarshe, ta sunkuya ta karya kara ɗaya, ya ce ƙas. Ta dawo ta tsaya gaban laftana ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka cika maganarka.” Sannan ta waiwayo, a gaban sojoji da manoma, ta yafito ni da karan da ke hannunta.

“Mushe, matso mana. Zo ka ga gonar Kanar.”

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Sunan ke nan har yau. Yaran da ba a haifa ba a lokacin, in ka tambaye su ina uwarsu, sai su ce tana gonar Kanar, ba su ma san wane kanar ba ne.

A shekarar, rabin gona ya ciyar da gidan da ya saba cin gona guda. Ta sayar da awakinta, injin da ta yi niyyar canzawa ya ci gaba da tarinsa. Na riƙa kai mata gero, tana karɓa ba ta godiya, ni ma ban ga dalilin godiyar ba. Ba ta taɓa zama ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma taɓa ce mini ya wuce ba. Abokina Kanar ya kira ni bayan ya koma Yamai, ya ce yana so in gyara masa wani jawabi, amma da sharaɗin ba ni zan karanta ba.

Na ci gaba da koyar da babin nan har na ajiye alli, sai dai zanen ya canza. Na daina farawa daga sama. Nakan fara da laftana da ɗan rukuninsa a ƙasan allo, in hau a hankali. Na kuma ƙara rassan gefe da ban taɓa zanawa ba: masu magani, masu abinci da kaki da albashi, masu gyaran motoci, masu gina gada. Nakan ce wa yara a cikin waɗannan akwai manya masu galo har kafaɗa ta cika, ana sara musu, amma ba su ke cewa a bi nan ko a bi can ba. Ƙa'idar nan tawa mai jan layi kuwa na goge ta.

Abin da hantsin nan ya koya mini bai tsaya ga soja ba. Na koyi cewa girman muƙami daban, riƙon al'amari daban, kuma kafin mutum ya tambayi wane ne babba a wuri, ya fara tambayar maganar tasa a hannun wa take. Na koyi cewa in ƙarami ya yi maka ɗan abin da ke hannunsa a ɓoye, ba raini ba ne, iyakar ikonsa ce ya miƙo maka duka, wataƙila har da ɗan abin da zai jawo masa tuhuma. Na kuma koyi cewa sanin sunayen matakai bai sa mutum ya san yadda ake hawa ba. Yankin gonar nan ya daɗe da farfaɗowa, tattasansa ma ya fi na ko'ina ja. Duk shekara in an yi shanya, yayata takan aiko mini da ɗan buhu, ɗan aiken kuma ba ya tafiya sai ya isar da saƙon yadda aka ba shi: “Ta ce a gaya wa Mushe na gonar Kanar ne, kuma ya ci shi shiru.”